Daga Ina Ƙarfe Da Kananzir Suke Zuwa A Da?

Tambaya: Malam, ni maƙeri ne a wani ƙauye kusa da Gumel. Kakanninmu a ina suke samun ƙarfe da kananzir?

Amsa: Baƙin ƙarfe na gida ne, su haƙo tama su narkar da ita da gawayi. Tagulla kuwa ayarin raƙuma ke kawowa ta hanyar Agadas. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙarfen Turai ya yi araha, sana'ar narka tama ta durƙushe.

Kananzir cikin garwa ake kawo shi, yawanci daga Amurka, kafin a buɗe matatar mai ta Fatakwal a 1965. Abin mamaki, matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 sai da aka riƙa shigo mata da ɗanyen mai mai kauri daga Benizuwela, domin namu tsararo ne, ba ya ba da kwalta da baƙin mai sosai.