Tambaya da Amsa: Wace ce Solomiya Krushelnytska, 'yar ƙauyen da ta tashi wasan opera na Puccini bayan ya faɗi?

Tambaya: Anti barka da aiki. Ina cikin yawo a YouTube sai na ci karo da wani tsohon faifai, muryar mace ce tana ta hawa sama kamar ba za ta tsaya ba, ga ƙara-ƙara a ciki, an rubuta Solomiya Krushelnytska, soprano. Don Allah wace ce ita, kuma mene ne soprano ɗin ma? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Yauwa ƙanwata, wallahi kin taɓo min inda yake min ƙaiƙayi, don matar nan na daɗe ina son a tambaye ni a kanta. Mu fara da mai sauƙin. Opera wasan kwaikwayo ne amma maimakon magana komai rera shi ake yi, ga taron makaɗa a ƙasan dandamali suna ta kiɗa, su kuma 'yan wasan an kasa su ne bisa irin muryarsu, to soprano ita ce muryar mace mafi hawa sama, mai bi mata ƙasa kaɗan ana ce mata mezo-soprano. Kuma ki tuna fa babu makirfo babu lasifika, da ƙirjinta da numfashinta kawai mace za ta keta ƙarar makaɗa sittin ko tamanin har wanda ke kujerar can ƙarshe ya ji ta sarai, kuma a haka za ta yi awa biyu ko uku tana kuka tana durƙusawa tana tashi.

Ita Solomiya an haife ta ran 23 ga Satumba 1872 a wani ƙauye mai suna Biliavyntsi, a yankin Ternopil na yammacin Yukiren ta yau. Gidansu gidan waƙa ne, a bakin mutanen ƙauye ta fara koyon waƙoƙin gargajiya tun tana ƙarama. A 1891 ta shiga makarantar koyon kiɗa da waƙa ta birnin Lviv wajen wani malami Walery Wysocki, ta gama a 1893, a wannan shekarar kuma cikin Afrilu ta fara hawa dandamali a Lviv ɗin. Wata shahararriyar mawaƙiyar Italiya, Gemma Bellincioni, ta ji ta, ta ba ta shawara ta tafi Italiya ta ƙaro ilimi, sai ko ta tattara ta nufi Milan wajen malama Fausta Crespi. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne, a Lviv a matsayin mezo aka horar da ita, a Milan ne aka gane muryar ta fi haka nisa aka sake gina ta zuwa soprano, kin ga kenan yarinya ta riga ta yi suna a gida amma ta yarda ta koma ta zama ɗaliba ta warware abin da ta saƙa. Ba kowa ke iya wannan ba gaskiya.

Daga nan sai duniya ta buɗe mata, Odesa, Warsaw inda ta yi shekaru daga 1898 zuwa 1902 ita ce tauraruwar babban gidan opera na birnin, Saint Petersburg, Paris, Naples, Roma, har Masar da Ajantina da Chile, duk a jirgin ruwa da na ƙasa.

Tambaya: Ranki ya daɗe, ni abin da ya ɗaure min kai biyu ne. Wani wuri na ga an ce 'yar Polan ce, wani wuri sunan ma daban, Salomea Krusceniski. Sannan an ce babanta limamin cocin Katolika ne, to ba an ce fada-fada ba sa aure ba? Daga wani malamin makaranta.

Amsa: Malam sannu da ƙoƙari, duka biyun suna da amsa. Babanta Amvrosii limami ne a cocin da ake kira Katolika ta Girka, wadda ke bin Fafaroma amma ibadarta irin ta Kiristocin gabas ce, su a wajensu mutum zai iya yin aure kafin a naɗa shi limami, shi ya sa a wancan yankin da yawa cikin 'yan boko da marubuta 'ya'yan limamai ne.

Batun ƙasa kuwa, lokacin da aka haife ta babu ƙasar Yukiren a taswira, yankin nasu da ake kira Galisiya yana ƙarƙashin daular Ostiriya da Hangari ne, manyan gari kuma yaren Polan suke yi. Ta yi suna a Warsaw tana rera wasannin Polan, Italiyawa kuma harshensu ya kasa murɗa sunanta sai suka mayar da shi Krusceniski a allunan talla, to daga nan ruɗanin ya samo asali. Amma ita kanta ba ta taɓa ɓoye ko wace ce ita ba. Tana hulɗa da marubutan mutanenta irin su Ivan Franko da Vasyl Stefanyk da mawallafin kiɗa Mykola Lysenko, tana zuwa gida tana waƙa a tarukan tunawa da babban marubucin waƙoƙin Yukiren Taras Shevchenko, sannan a ɗabi'arta in ta yi taron waƙa a ƙasar waje sai ta saka waƙoƙin gargajiyar Yukiren a ciki, ta zauna gaban fiyano ta kaɗa wa kanta ta rera wa mutanen da ba su san ko kalma ɗaya ta yaren ba. A ganina wannan ya isa hujja, mace tana da damar ta narke cikin Italiyawa ba wanda zai ce mata kanzil amma ta ƙi.

Tambaya: Anti wai da gaske ne ita ta ceci wasan opera mai suna Madama Butterfly, ko dai zuzutawa ce irin ta masoya?

Amsa: Da gaskiya a ciki, amma bari in ba ki labarin yadda yake ki yanke da kanki. Ran 17 ga Fabrairu 1904 aka fara nuna wasan nan na mawallafin kiɗa Ba'italiye Giacomo Puccini a La Scala ta Milan, gidan opera mafi daraja a Italiya, Rosina Storchio ce ta fito a jarumar. Daren ya zama abin kunya, 'yan kallo suka yi ta ihu da dariya da kwaikwayon kukan tsuntsaye da dabbobi, Puccini ya janye wasan bayan nuni ɗaya tak. Labarin wasan kuwa na wata yarinya ce 'yar Japan mai shekara 15 a Nagasaki da wani hafsan sojan ruwan Amurka ya aura ya tafi ya bar ta, ta haifi ɗa ta zauna jira shekara uku, ranar da ya dawo sai ga shi da matarsa Ba'amurkiya sun zo karɓar yaron, ita kuma ta kashe kanta.

Puccini ya koma ya yi gyara sosai, ya rage wasu wurare, ya raba dogon kashi na biyu da ya gajiyar da mutane gida biyu, ya ƙara wa jarumin waƙa. Ran 28 ga Mayu 1904, wata uku da 'yan kwanaki kenan, aka sake nunawa a Teatro Grande na garin Brescia da Solomiya a matsayin jarumar, zauren ya ɗauka da tafi, aka yi ta sa su maimaita waƙoƙi ana kiran Puccini ya fito, tun daga ranar wasan bai sake faɗuwa ba har yau yana cikin waɗanda aka fi nunawa a duniya. To kin ga gyaran ya yi nasa aikin, ba zan ce ita kaɗai ba ce. Sai dai duk wanda ya taɓa kallon wasan ya san tun da jarumar ta shigo kusan ba ta barin dandamali, nauyin duka a wuyanta yake, in ta yi sanyi wasan ya mutu komai kyan gyaran. Ga kuma ƙarfin hali, wace mawaƙiya ce mai suna za ta yarda ta ɗora mutuncinta a kan abin da aka yi wa ihu wata uku da suka wuce? Ita ta yarda.

Kuma kar a tsaya a Butterfly kaɗai don wannan ma rage mata daraja ne. A 1906 ita ta rera wasan Salome na mawallafin kiɗa Bajamushe Richard Strauss a La Scala ƙarƙashin jagorancin shugaban makaɗa Arturo Toscanini, a 1909 ta yi wani wasan Strauss ɗin, Elektra, a can, waɗannan kuwa wasanni ne masu cinye murya, ga na wani mawallafin kiɗan Bajamushe, Wagner, da ta yi ta rerawa. Mace ɗaya ta yi yarinya mai rauni yau gobe ta yi gimbiya Salome mai neman a sare kan mutum, kuma duka a yarda da ita, wannan shi ne gwanintar.

Tambaya: Na ji an ce a talauce ta mutu. Ya aka yi mai irin wannan suna ta ƙare haka? Daga wata uwa.

Amsa: Hajiya wannan ɓangaren ni kaina yana sosa min rai. A 1910 ta auri wani lauya Ba'italiye, Cesare Riccioni, wanda ya taɓa zama magajin garin Viareggio, can bakin teku suka zauna. A 1920 tana kan ganiyarta ta bar opera da kanta ta koma tarukan waƙa zalla, har ta zaga Amurka da Kanada a 1928. Bayan mijin ya rasu sai ta zo Lviv wajen danginta a watan Agustan 1939, to kin san abin da ya biyo baya, ran 1 ga Satumba yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, kafin watan ya ƙare sojojin Sobiyet sun shiga birnin, hanya ta rufe. Gidan bene da ta saya da guminta a 1903 hukuma ta ƙwace ta bar mata 'yan ɗakuna ita da 'yar'uwarta. A 1941 Jamusawa suka karɓe garin, ta rayu da ɗan abin da take samu na koyar da waƙa a gida, a 1944 Sobiyet suka dawo. Gidanta na Italiya ma bai tsira ba, hukumar Sobiyet ce ta sayar ta ba ta ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Duk da haka ba ta naɗe hannu ba, ta shiga koyarwa a makarantar kiɗa ta Lviv, garin da ta fara tun tana budurwa, a 1949 kuma tana da shekara 77 ta sake tsayawa gaban jama'a ta rera waƙa. Sai a 1951 aka ba ta lambar girmamawa, muƙamin farfesa kuwa sai a 1952 saura 'yan makonni ta rasu, ran 16 ga Nuwamba, da ciwon dajin maƙogwaro. An binne ta a maƙabartar Lychakiv kusa da kabarin Ivan Franko. Gidan nan da aka ƙwace yanzu gidan tarihinta ne, titin ma sunanta yake amsawa, babban gidan opera na Lviv kuma tun 2000 ake kiransa da sunanta.

Ke kuma ƙanwata mai tambayar farko, waccan ƙara-ƙarar da kika ji kar ta kore ki. A farkon ƙarnin nan da ya wuce cikin wani ƙaho kamar mazurari mawaƙi ke rerawa allura tana zana sautin a kan kakin zuma, in za a hau sama sai an ja da baya kar allurar ta yi tsalle, don haka abin da ya iso gare mu guntu ne kawai na muryar. Ki nemi waƙoƙin gargajiyar da ta ɗauka a Amurka a 1928, lokacin an fara amfani da makirfo, sun fi fita tas, ki sa abin kunne da daddare in gari ya yi tsit ki saurara.