Tambayi Mai Faci: Tayar Hannu, Gejin Iska da Zafin Bazara

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan taya suka zo, kuma ban yi mamaki ba, tunda mun shiga bazara kwalta ta fara tafasa. Na zaɓi biyar. Masu tambaya a kan batir da ruwan lagireto su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

Tambaya: Assalamu alaikum Baba mai faci. Ni malamin makaranta ne, ina da Corolla, tayoyina huɗu duk sun suɗe. Na je kasuwa aka nuna mini 'yan Kwatano masu zane raɗau, na manyan kamfanoni, kuma kuɗin sabuwa ɗaya zai saya mini biyu har da canji. Me zai hana in saya? Daga wani malami a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Na san halin da albashi yake ciki, don haka ba zan ce maka ka je ka sayo sababbi huɗu kawai in rufe baki ba. Amma zanen nan da ya ɗauke maka ido shi ne abu na ƙarshe da za ka duba, ba na farko ba.

Fara da shekarunta. A jikin kowace taya, kusa da bakin wili, akwai layin rubutu da ya fara da DOT. Bi shi har ƙarshe, za ka ga lambobi huɗu, galibi a cikin wani ɗan zagaye mai kama da ƙwai. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Wani lokaci a fuska ɗaya kawai ake buga su, sai ka sa a juya maka ita. Idan lambobi uku ka gani, an yi ta tun kafin shekarar 2000, wannan kuwa sai dai a yanka a yi takalmi ko gugar rijiya. Idan ka ga wurin an goge ko an kankare, ajiye ta ka yi gaba, kada ma ka tsaya jin bayani.

Dalili shi ne roba tana tsufa ko ana hawa ko ba a hawa. Tana bushewa, tana tsattsagewa, kuma danƙon da ya haɗa ta da wayoyin ƙarfen da ke ciki yana saki. Kamfanonin taya irin su Michelin cewa suke daga shekara 5 a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, in ta kai 10 a cire ta ko da zanenta bai taɓu ba. Hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa, FRSC, ta fi su tsanani, shekara 4 take faɗa wa direbobi. A nawa ganin, da irin ranarmu da ramukanmu, tayar da ta wuce shekara 6 ba ta da hurumin hawa babbar hanya.

Sai abu na biyu, wanda masu sayarwa da yawa su kansu ba su sani ba. Cikin tayoyin da ake kwasowa daga Turai akwai na hunturu, waɗanda aka yi don ƙanƙara. Alamarsu hoton dutse mai ƙololuwa uku da ɗan furen ƙanƙara a tsakiya, kuma zanensu cike yake da ƙananan tsage-tsage. Robarsu mai laushi ce, an yi ta don sanyin da ya yi ƙasa da digiri 7. Su ne suka fi kyan gani a cikin tsibi, don can sukan cire su da sauran zane. Ka ɗora wannan a hanyar Gusau zuwa Sakkwato a watan Afrilu, ana zafin da ya haura digiri 40, za ta cinye da wuri, birki kuma ba zai kama yadda ka saba ba.

Akwai kuma waɗanda ake sake wa zane. Yaro zai zauna a bayan rumfa da ƙarfe mai zafi yana bin tsohon layi yana ƙwaƙule robar, ya gama a wanke ta, a shafe ta da baƙin mai har tana ƙyalli. Sa yatsa a cikin zanen. Na kamfani santsi gare shi kuma zurfinsa ɗaya, sannan akwai 'yan tudu ƙanana a cikin kwarin, waɗanda ke nuna iyakar cinyewa, milimita 1.6. In babu tudun nan, ko ka ji gefen yana da kaushi, an sassaƙe ta, kuma abin da ya rage tsakanin kwalta da waya bai taka kara ya karya ba.

A dokance ma tsohuwar taya tana cikin kayan da aka hana shigowa da su Najeriya. Ta cika kasuwa ne don tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta bi baya a Legas a 2008, sabuwar taya ta koma kayan dala.

Shawarata: sabuwa ta ƙaramin kamfani wadda aka yi bana ko bara ta fi mini tsohuwa mai babban suna. Sayi biyu wannan watan, biyu in an yi wani albashin. In kuwa dole sai ta hannun, kada ta wuce shekara 3 ko 4, a saya kafin a ɗaura ta a wili don ka leƙa cikinta da fitilar waya ka ga ko akwai faci a gefe, ka danna gefen da gwiwa ka ga ko tsaga za ta buɗe baki. Sabuwar ma duba mata lamba, don akwai wadda ta shekara biyar a sito tana cikin ledarta.

Tambaya: Baba, ina wuni. Duk mai facin da na je wurinsa da abin da yake sa mini, wani 40, wani 50. Direban maigidana kuma ya ce a lokacin zafi rage iska ake yi don kada taya ta yi bindiga. Wanne zan bi? Daga wata Hajiya a Zariya.

Amsa: Lafiya lau, Hajiya. Kada ki bi ko ɗaya. Buɗe ƙofar direba ki duba jikin ginshiƙin da ƙofar ke rufuwa a kai, akwai 'yar takarda manne da ke faɗin iskar gaba da ta baya. Wasu motocin Turai a murfin tankin mai suke sa ta. Yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 ne da 35. In kin ga an rubuta 2.2 ko 220, wani ma'auni ne, daidai yake da 32 a gejinmu. Lambar da ke jikin taya, 44 ko 51, wadda yaranmu ke karantawa su ɗura, iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, ba abin da motarki ke so ba. Iska ta yi yawa, tsakiyar taya ce kaɗai ke taka ƙasa, mota ta riƙa tsalle, rami kaɗan ya fasa ta.

Maganar direba kuwa, ba shi kaɗai ba ne, rabin tasha haka suka yi imani, kuma a juye abin yake. Tayar da iskarta ta yi ƙasa ita ce ke yin bindiga. Duk juyi ɗaya gefenta sai ya lanƙwashe ya miƙe, kamar yadda ake lanƙwasa waya ana miƙewa har ta yi zafi ta karye. A guje a kan kwalta mai zafi, wannan zafin na ciki shi ke raba roba da ƙarfe. Gaskiya ne in aka yi tafiya geji zai nuna ƙarin 3 ko 4, amma masu ƙera taya sun san da haka, sun bar masa wuri. Wanda ya tsaya a Kwanar Ɗangora ya tsiyaye wannan ƙarin, in taya ta huce sai ta koma ƙasa da ƙa'ida.

Don haka da safe ake gwaji, kafin mota ta yi nisa, ko bayan ta huta awa uku. Kuma ki sayi gejinki, ɗan ƙarami ne, ki ajiye a mota. Zan faɗi wannan ko da 'yan'uwana za su ji haushi: gejin bakin titi da yawa ya sha faɗuwa ƙasa har allurarsa ta daina faɗin gaskiya, wani kuma babu gejin ma, ƙarfe zai buga wa taya ya saurari ƙara, ya tofa yawu a bawul, ya ce ta yi. Yawun yana nuna yoyo, wannan na yarda. Bugun ƙarfe ba ya bambance 25 da 35. A gwada duk wata, da kuma kafin kowace doguwar tafiya.

Tambaya: Oga, ina jan Sharon daga Kano zuwa Maiduguri. Na faɗa rami bayan Potiskum, tayar baya ta yi ƙulu a gefe kamar ƙwai. Wani ya ce a sa mata tub a ci gaba da aiki. Ya ka gani? Daga wani direba.

Amsa: Ƙanena, cire ta yau. Ƙulun nan zaren da ke riƙe da gefen taya ne ya tsinke lokacin da wili ya matse ta da bakin rami, yanzu fatar roba ce kaɗai ke tare iska. Tub ba ya ɗinke zare. Gefen taya ba a yi masa faci kowane iri. Faci na tsakiyar da ke taka ƙasa ne, shi ma in hujin bai wuce milimita 6 ba, kuma wanda aka cire taya aka manna daga ciki ya fi igiyar da ake cusawa daga waje. Igiyar ta kai ka gari ce kawai.

Tunda haya kake yi, ga abin da ya fi shafarka. Bayan girman taya akwai lamba da harafi, misali 195/65 R15 91H. 195 faɗinta ne a milimita, 15 girman wili a inci, 91 na nufin kilo 615 ne iyakar nauyin da tayar za ta ɗauka, H kuma gudun kilomita 210 a awa. Mai lamba 95 tana ɗaukar kilo 690. Tayar bas mai harafin C, irin ta Hiace mai lamba 106, tana ɗaukar kilo 950. Motar da aka yi don mutum bakwai, ku kuna zuba goma, ga buhuna a but har ƙofa ba ta rufuwa, sannan a ɗaura mata tayar ƙaramar mota don girman wili ya zo ɗaya. Nemi mai lamba babba, wadda aka rubuta wa XL, kuma ka bi iskar cikakken lodi da ke jikin takardar ƙofa. Lodin kansa, ni da kai mun san maganar da fasinja ba ya iya faɗa.

Tambaya: Malam, na sayi sababbi biyu, a gaba zan sa ko a baya? Kuma tsofaffin na gaba ta ciki kawai suka cinye, wajen yana nan. Daga wani ma'aikacin asibiti a Maraɗi.

Amsa: A baya, ko da motar da ƙafar gaba take ja. Na san kowa gaba yake cewa. In gaba ta zame a ruwa za ka ji a sitiyari, ka sassauta ta dawo. In baya ta zame, mota juyawa take yi da kai, kuma ba kowane direba ke iya tare ta ba.

Cin gefe ɗaya kuwa ba laifin taya ba ne, ƙafar motar ce ta karkace. Kai ta a yi mata alaimen, amma bakanike ya fara duba tayarod da bushin, don in suna da lasa saitin ba zai zauna ba, sababbin ma haka za su cinye. In sitiyari na rawa a wajen gudun 90 zuwa 110, balansin ne. In cin ya zo tudu da kwari, shokozoba ta mutu. Ka riƙa sauya musu wuri duk kilomita 8,000 zuwa 10,000.

Tambaya: Baba, ban daɗe da fara tuƙi ba, kuma abin da na fi tsoro shi ne taya ta fashe mini ina gudu. Me ake yi? Daga wata ɗaliba a Bauchi.

Amsa: 'Yata, abin da ƙafarki za ta so yi shi ne abin da ba a yi. Kada ki taka birki. Riƙe sitiyari da hannu biyu da ƙarfi, ki tsayar da motar a layinta, don za ta ja zuwa ɓangaren da ya fashe. Ki ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ba lokaci ɗaya ba, ki bar ta ta rage gudu da kanta. Sai ta sauko sosai sannan ki taɓa birki kaɗan-kaɗan, ki kunna sigina ki gangara gefe. Mutane da yawa suna tuna haɗarin da ya ci ran ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja a watan Maris na 2016. Binciken FRSC ya nuna tayar baya ce ta fashe ana gudu, aka taka birki da ƙarfi, motar ta wuntsila. Babbar jif ce, ba akwala ba.

Kafin ranar ta zo, buɗe but ɗinki a ƙarshen makon nan. Fito da safaya a gwada mata iska, don ita ce tayar da ba mai tunawa da ita sai an yi faci a daji. In 'yar siririyar nan ce, 60 take sha, kuma ba a wuce gudun 80 da ita. Ki tabbata akwai jak, ki gwada sufanar a kan notin ƙafarki ki ga ta shiga. Ki sa wani ya nuna miki inda ake kafa jak a ƙarƙashin motar, ki kwance ƙafa ɗaya ki mayar da hannunki a tsakar gida. In notin ya ƙi motsi don mai faci ya hau sufana da ƙafa ya ɗaure, koma wurinsa ya sassauta ya ɗaure daidai ƙarfin hannu.