Girkin tukunyar lantarki a kaskon tangaran: yaya za a yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Daga Tahoua nake. Ƙanwata ta kawo mini tsarabar kaskon tangaran mai kauri da murfinsa, irin wanda ake sawa a fur, wato murhun gashi mai ƙofa. Amma girke-girken da nake gani a intanet na tukunyar lantarki ce, wadda ke dafa nama a hankali har awa 8. Ni ba ni da ita, fur na gas gare ni. Zan iya yin su a wannan kasko?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Za ki iya, har ma ni na fi son na fur, don miyar ta fi kauri, saman naman kuma yana yin ja. Sai dai in kika bi awa 8 ɗin nan, gawayi za ki tarar.

Tukunyar lantarki ba ta kai abinci ga tafasa sosai, zafinta yana tsayawa ƙasa da digiri 100. Fur kuwa iskarsa busasshiya ce, ta kuma fi zafi nesa ba kusa ba. Abin da aka ce awa 8 a ƙaramin zafi, ko awa 4 a babba, ki ba shi awa 2 da rabi zuwa 3 a digiri 160. In girkin na Amurka ne kika ga an rubuta 325, ma'auninsu ne daban, daidai yake da 160 namu. In kuma fur ɗinki lambobi gare shi irin na Faransa, lamba 5 ita ce digiri 150. Wutsiyar sa, ƙafar saniya ko tsohon ragon layya, waɗannan ki bar su a 150, su kai awa 4 ma ba laifi.

Ruwa shi ne inda mata suka fi faɗuwa. Masu rubuta girkin tukunyar lantarki suna rage ruwa da gangan, saboda tururin yana komawa ciki. Murfin tangaran ba ya riƙe shi haka. Ki ƙara kofi guda kan abin da suka ce, ruwan ya kai rabin naman. Ku da kuke kusa da Galmi, garin albasa, ki shimfiɗa albasa da yawa a ƙasa, naman ya zauna a kai. Za ta saki ruwanta, ta hana kamu. In murfin yana da kafa, ki kwaɓa fulawa da ruwa ki liƙe bakin zagaye. Bayan awa 2 ki buɗe ki duba, in ruwan ya ja baya ki ƙara, amma ruwan zafi.

Na ce ruwan zafi ne saboda tangaran ba ya son a ba shi mamaki. Kasko mai zafi ya haɗu da ruwan sanyi, tas! ya tsage. Haka in kin fito da shi daga firiji kika tura shi fur mai zafi. Ki sa shi tun fur yana da sanyi, su yi zafi tare. In kin sauke, ki ɗora shi kan katako ko tsumma busasshe, ba kan siminti ba. Kada kuma ki ɗora shi kan harshen wutar gas ko gawayi. Wannan aikin tukunyar ƙasa ce irin ta Boubon, ƙauyen magina tukwane kusa da Yamai, wadda jikinta ke jure wuta. Naki an gasa shi ne a zafin da ya kai digiri 1200, ya yi tauri kamar dutse, taurin nan ne ke sa shi fashewa in gindi ya yi zafi bakin bai yi ba. Suyar nama da albasa ki yi ta a tukunyar ƙarfe, sannan ki juye.

Fur na gas wutarsa daga ƙasa take, kuma da yawansu ba sa yarda su yi ƙasa-ƙasa. Ki sa kaskon a tsakiya, ki ajiye faranti na ƙarfe a matakin da ke ƙarƙashinsa ya tare wutar. Karas da dankalin Turawa ki bari sai saura awa 1 ki zuba.