Ciyawar tsakar gidana ta koma ruwan ɗorawa: in bari a yi mata feshi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Barnawa, nan Kaduna. Bara na kashe kuɗi aka dasa mini ciyawar kafet a tsakar gida, amma tun shigowar Agusta ta fara komawa ruwan ɗorawa, wani wurin har ta ruɓe, ga aya-aya da wasu ciyayi masu faɗin ganye sun cika ta. Wani mai feshi ya ce in kawo kuɗi ya fesa magani sau ɗaya, baƙin ciyayin su mutu, tawa ta tsira. Jikokina a kanta suke wasa, hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki ba shi ko sisi tukuna.

Ruwa ne ya yi wa ciyawarki yawa. Agusta da farkon Satumba su ne tsakiyar ruwan Kaduna, jar ƙasarmu kuma idan aka yi ta taka ta sai ta danƙare, ruwa ya kwanta, saiwa ta rasa iska. Ki sa a ɗauko cokalin haƙa na lambu a huda wuraren da suka ruɓe, zurfin santimita 10, tazarar taƙi ɗaya, a cika ramukan da yashin rafi, a buɗe wa ruwan hanya zuwa kwata.

Sai zancen mai feshi. Kullum sai an zo da wannan magana, wai magani ya san ciyawar ado ya san ta banza. A ina ya yi karatun? Abin da wasunsu ke zubawa a famfon goyo ɗayan biyu ne: glyphosate ko paraquat, waɗanda manoma ke share gona da su kafin shuka. Duk wani kore da suka taɓa, nasu ne. Glyphosate yana bi ta ganye ya sauka har saiwa, kuma ba ya nuna aikinsa sai bayan mako ɗaya zuwa biyu. Kafin nan mai feshi ya ci kuɗinsa ya yi gaba, ke kuma ki tashi ki ga fili kamar an yi gobara. Paraquat kuwa a kwana ɗaya ko biyu yake ƙone ganye, ya bar ƙwayar aya-aya lafiya lau a ƙasa, ta sake tsirowa ba mai takura mata. An kashe na gida an bar baƙo ke nan.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jikokin nan. Paraquat ba shi da makari, kurɓa ɗaya tana iya kashe babban mutum, huhu yake lalatawa. Amma sai ki ga an ɗura shi a gorar lemo, ba takarda ba suna, an ajiye a bayan ƙofa. Duk wanda ya zo miki da magani, ki ce ya nuna miki asalin robarsa ki karanta sunan sinadarin da idonki. In ya ce "haɗi ne na musamman", ki sallame shi da sallama. Rantsuwarsa ba za ta mayar da komai ba.

Sai dai akwai magani mai zaɓe, wato 2,4-D, wanda ke kashe masu faɗin ganye ya bar dangin ciyawa. Ko shi sai an gwada a ɗan lungu an jira mako biyu, a bi ma'aunin da ke jikin robar, a fesa ranar da ba iska ba hadari, don feshinsa na lanƙwashe zogale da tumatir da furanni. Ga tsakar gida dai cira da hannu ta fi, tunda ƙasa na da laushi yanzu. Aya-aya kuma a tono ta da 'ya'yanta, kada a tsinke ganyen kawai.

Yanka: kada a yi mata ƙwal-kwabo. A bar tsawon santimita 5 zuwa 7, kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku a yanka guda, a wasa wuƙar injin, a jira raɓa ta bushe. A kwashe abin da aka yanke, don idan ya taru yana ruɓar da ita yanzu, da rani kuma ya kira gara.

Taki ki dakata da shi sai tsakiyar Satumba: NPK 15-15-15, giram 30 a kowace murabba'in mita, a watsa ganye na bushe sannan a bi da ruwa. Inda ta mutu murus, a yanko 'yan gutsattsari daga gefe mai kyau a dasa yanzu, domin su kama ƙasa kafin ruwa ya ɗauke a Oktoba, hunturu ya shigo.