Agogon Kejetia da Ciwon Ƙirjin Yaro

Tambaya: Ina horar da ɗalibai gudu a Aboabo. Na sayo agogunan auna bugun zuciya guda biyar a kasuwar Kejetia. Wani yaro yana yawan cewa ƙirjinsa na ciwo, amma agogo bugu 130 a minti yake nunawa. Anya ba lalaci ba ne? (Malamin wasanni, Kumasi)

Amsa: Malam, don girman Allah ka cire yaron nan daga fili yau. A kai shi asibitin Komfo Anokye ko asibiti mafi kusa a yi masa gwajin zuciya na ECG. Haba, yaro ya ce maka ƙirji, kai kuma ka koma kana tambayar agogo?

Koren hasken da ke bayan agogon, fatar hannu yake haskawa, ya kintaci yadda jini ke wucewa. Gumi, girgizar hannu da madaurin da bai kama ba duk suna rikita shi, har wani lokaci takun ƙafa yake ƙirgawa a madadin zuciya. Masu arha kuwa, ɗaura ɗaya a ƙafar tebur ka jira, akwai wanda zai ba ka lamba babu kunya. Ko mai tsadar ma yawan bugu yake gaya maka, lafiyar zuciyar ba hurumin wannan hasken ba ce. Ka tuna Raphael Dwamena, ɗan ƙwallon Ghana. Gwajin likitoci ne ya gano matsalar zuciyarsa a 2017 lokacin da zai koma ƙungiyar Brighton ta Ingila, kuma a Nuwamban 2023 ya yanke jiki ya faɗi a fili a Albaniya, ya rasu yana da shekara 28. Wannan ƙwararren ɗan wasa ke nan, mai likitoci a kusa. Ina ga yaron da ba shi da kowa a fili sai kai?

In kuɗi ya samu, madaurin ƙirji irin Polar H10 guda ɗaya ya fi waɗannan biyar ɗin, domin wutar zuciyar kanta yake karantawa. Sannan kowane yaro ya riƙa ƙirga bugunsa da yatsa biyu da asuba kafin ya sauko daga shimfiɗa, ya rubuta a littafi. In ya haura yadda ya saba kwana da kwanaki, gajiya ce ko zazzaɓi na tafe, a ba shi hutu. Kuma kada ka zuba lambobin bugun zuciyar 'ya'yan mutane a gurup ɗin WhatsApp, dokar kare bayanai ta Ghana ta 2012 ba ta ɗauki bayanin lafiya da wasa ba.

Tambaya: Mene ne 'yar baƙar rigar da 'yan ƙwallo ke sawa kamar rigar mama? (Ɗaliba, Asawase)

Amsa: Ƙanwata, aljihu gare ta tsakanin kafaɗu, a ciki ake sa na'urar GPS irin ta kamfanin Catapult ko STATSports, tana auna nisan gudu da saurinsa. Rigar kaɗai ba ta auna komai.

Tambaya: Madaurin ƙirjina ya ƙi haɗuwa da wayata. (Ɗan gudu, Sawaba)

Amsa: Jiƙa shi da ruwa, ka ɗaura a jiki tukuna, sannan ka haɗa daga cikin manhajar. In ya ƙi, sauya batir.