Tambaya da Amsa: Mai gyaran AC zai iya taɓa bututun oksijin na asibitinmu?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Injiniya. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin jarirai na wani asibiti mai zaman kansa a Kano. Bara aka ja mana bututun oksijin da na zuƙa (mai janye majina da jini) ta cikin bango, muka huta da turo tukwanen oksijin. To yanzu bakin oksijin ɗaya da ke kusa da kwalbar bakwaini yana huci ko ba a jona masa komai ba, kuma filomita, wato na'urar auna yawan iskar da ke fita, ba ta shiga sai an yi da ƙarfi, shi ya sa masu aikin dare suke shafa mata basilin. Na zuƙar kuma ya yi sanyi, majina ma da kyar yake ja. Manaja ya ce kamfanin da ya yi aikin yana Legas, kiransu kuɗi ne mai yawa, don haka zai kawo mai gyaran AC ɗinmu ya gyara, ya kuma ƙara jan bututun zuwa sabon ɗakin haihuwa, tunda ai duk jan ƙarfe ne. Wallahi hankalina bai kwanta ba. Akwai haɗari, ko ni ce mai tsoro?

AMSA

Wa'alaikumus salam Sista. Akwai haɗari, kuma wani ɓangarensa ba zai jira gobe ba.

A yau ɗin nan a ɗauke jaririn da ke kan wannan bakin, a mayar da shi wani baki lafiyayye ko kan tukunya mai regileta, wato na'urar rage matsin iska. A manna takarda a jikin bakin cewa ya lalace. A bar iska ta riƙa ratsa ɗakin, a janye hitar ɗumama jarirai da kwalbar sanitaiza da cajar waya daga wannan kusurwar. Filomitar da aka shafa wa basilin a ware ta gefe, kada wani ya goge ta da tsumma ya ce ta yi fes. Amma kada a garzaya a rufe bawul ɗin sashen baki ɗaya don a tsayar da hucin, sai an bi gado gado an tabbatar kowane jariri da ke rataye da wannan layin an ba shi wata hanyar. Rufe bawul cikin firgici yana iya kashewa kafin yoyon ya yi komai.

Sai maganar basilin, wadda ita ce ta fi tayar mini da hankali a duk wasiƙarki, domin kusan duk asibitin da na shiga sai na tarar da ita ko 'yar uwarta. Wani giris yake shafawa, wani baƙin mai, wani man gyaɗa, wani kuma hannunsa ne kawai da ya gama cin ƙosai ya kama regileta. Idan na yi magana amsar ɗaya ce: ai oksijin ba ta kama wuta. Gaskiya ne ba ta kamawa. Aikinta shi ne ta sa komai ya kama, kamar yadda mafici ba ya cin wuta amma shi ke mayar da gawayi jajur. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne oksijin a cikinta. Da ta haura kashi 23.5 a ɗaki, masana tsaro sun ɗauki wurin a matsayin mai haɗarin gobara. Zanen gado, audugar miki, katifa, gashin kai, har hijabin da kike sanye da shi, duk suna shan iskar nan su riƙe ta na wani lokaci. Tartsatsin da a da zai mutu a banza, a irin wannan wuri sai ya tashi da harshe, kuma wutar tana gudu fiye da yadda mutum zai iya ɗauke jariri daga kwalba.

Mai kuwa matsalarsa ta wuce haka, don shi wani lokaci ko tartsatsi ba ya buƙata. Cikakkiyar tukunya tana ɗauke da matsi na wajen bar 150 (bar ma'aunin matsin iska ne), wasu har 200. Idan aka murɗe kanta farat ɗaya, iskar takan afka cikin regileta ta matsu a ɗan ƙaramin wuri cikin ƙiftawar ido, zafinta ya haura digiri ɗaruruwa. In ƙarfen a tsaftace yake, zafin zai huce. In akwai ɗigon mai a wurin, shi ne zai kama, ya cinye robar ciki, wani lokaci har ƙarfen regiletar ya narke ya feso a fuskar wanda ke tsaye. Shi ya sa ake cewa a buɗe tukunya a hankali, mutum yana gefe, ba yana leƙa agogon awon matsi ba.

Za ki ce ai bakin bango matsinsa bar 4 ne kacal. Haka ne, kuma haɗarin kamawa da kansa a nan bai kai na kan tukunya ba. Sai dai hannun da ya saba shafa basilin a bango, shi ne ranar da iska ta yanke zai ruga ɗakin tukwane ya shafa wa zaren regileta don ta ɗauru da wuri. Ɗabi'ar ce nake yaƙi da ita. Ga shi kuma basilin yana kumbura wasu nau'o'in roba ya lalata su, don haka ba mamaki shi ne ya cinye zoben robar da ke cikin bakin har ya fara huci. Haka ma hancin jaririn da ke kan oksijin, in ya bushe, ba a shafa masa basilin, sai man shafawa mai asalin ruwa. A ranar 24 ga Afrilun 2021, tukunyar oksijin ta fashe a asibitin Ibn al-Khatib da ke Bagadaza, inda ake jinyar masu korona, gobarar ta kashe mutum 82. Da yawa daga cikinsu mutane ne da suka zo asibitin saboda iskar da za ta raya su.

Kuma ki tambayi kanki, me ya sa filomitar ba ta shiga? An ƙera bakin kowace iska da siffarsa daban da gangan, yadda kan oksijin ba zai shiga bakin iskar numfashi ko na zuƙa ba. Sannan akwai samfurin Ingila, akwai na Jamus, akwai na Amurka, ba sa shiga juna, mu kuwa asibitocinmu cike suke da kayan tallafi da na gwanjo daga ko'ina. Idan abu ya ƙi shiga, ko dai kan ya lanƙwashe, ko zoben ciki ya mutu, ko kuwa ba gidansa ba ne. Babu ɗaya daga cikin ukun nan da mai zai gyara. Na sha ganin an goge ƙarfen da fayil don ya shiga dole. Wanda ya yi haka ya cire kariya ta ƙarshe da ke hana a ba majinyaci iskar da ba tasa ba.

To yanzu mai gyaran AC. Ba raina sana'arsa nake yi ba, a fagensa ya fi ni. Amma rayuwarsa duk cikin mai take. Bututunsa, tiyonsa, agogon awonsa, famfon da yake zuƙe iska da shi, babu wanda bai sha man kwamfiresa ba. Bututun iskar asibiti jan ƙarfe ne da aka wanke wa maiƙo tun daga masana'anta, yana zuwa a toshe baki biyu da murfi, da hatimi a jikinsa, galibi lambar ƙa'idar inganci ta EN 13348. Wanda ake sayarwa a kasuwa don AC, a ido iri ɗaya suke, a ciki kuwa babu mai ba ki tabbacin tsaftarsa.

Walda ma ba iri ɗaya ba ce. Idan aka gasa jan ƙarfe da wuta alhali akwai iska a cikinsa, wani baƙin ɓawo yana fitowa a bangon ciki. Daga baya sai ya riƙa ɓarewa yana bin iska, ya toshe filomita, ya lalata na'urar taimakon numfashi, abin da ya tsira kuma ya wuce huhun bakwaini mai nauyin kilo ɗaya da rabi. Don haka ake hura naitirojin a cikin bututun duk tsawon lokacin waldar, kuma ba a sa hodar walda idan jan ƙarfe ne ake haɗawa da jan ƙarfe. Bayan an gama, wannan naitirojin ɗin shi kansa mai kisa ne in an bar shi a ciki, don ba shi da launi ba shi da wari, filomita kuma za ta ɗaga ƙwallonta kamar komai lafiya. Sai an kore shi tas, an bi kowane baki ɗaya bayan ɗaya da na'urar awon oksijin an ga abin da yake fitarwa. Ki tambayi manaja, mai gyaran AC ɗin yana da wannan na'urar?

Kada a ce wannan tsaurin Turawa ne. A shekarar 2016, a asibitin Bankstown-Lidcombe da ke birnin Sydney na ƙasar Ostireliya, jarirai biyu da ake ƙoƙarin farfaɗowa aka ba su iskar naitiros oksaid, wadda ake amfani da ita wajen sa barci, daga bakin da aka rubuta wa oksijin. Ɗaya ya rasu, ɗayar ta samu mummunan lahani a ƙwaƙwalwa. Bincike ya gano an haɗa bututun a karkace lokacin da aka ƙara sabon baki, kuma ba a yi gwajin da ya wajaba ba kafin a fara amfani da shi. Ƙarin baki ne kawai, irin wanda manajanku yake ganin aikin yini guda ne. Ƙa'idar duniya ta wannan aiki, ISO 7396-1, ta wajabta gwajin yoyo, da gwajin haɗuwar layuka, da na ƙura, da na tantance iskar kowane baki, a duk lokacin da aka yanka bututu, ko da gwiwa ɗaya aka canza. Ni a wurina oksijin magani ne, likita ne ke rubuta shi da adadinsa, bututun kuwa shi ne hanyar da yake bi zuwa jikin majinyaci. Babu manajan da zai yarda mai gyaran famfo ya haɗa masa ruwan dirif.

Akwai kuma lissafin da ba a yi ba. Faɗin bututun da ke akwai an zaɓe shi ne gwargwadon gadajen da aka tsara tun farko. In aka rataya masa sabon ɗakin haihuwa ba tare da an sake lissafi ba, ranar da ɗakunan biyu suka cika, bakin da ke can ƙarshen layi shi zai fara rasa ƙarfi.

Na zuƙar, sau da yawa laifin yana kusa. Ki fara da abin da ke hannunki: murfin kwalbar da ke tara majina ya rufu da kyau? Tiyon bai tsage ba? Matatar da ke tsakanin kwalba da regileta ba ta jiƙe ba? Ki ɗauki regiletar ki gwada a wani ɗakin. In can tana ja, to layinku ne ya toshe, kuma abin da ya fi kawo haka shi ne kwalba ta cika ta yi ambaliya, jini da majina suka shige bututu suka bushe. In ko'ina a sanyaye take, matsalar tana ɗakin injin: ko matatar ƙwayoyin cuta ta cushe, ko ɗaya daga cikin famfunan ya mutu tuntuni ana ta lallaɓa ɗayan. Abin da ake nema a bakin bango shi ne jan da bai gaza milimita 300 na ma'aunin makuri ba. Regiletar da aka bari a buɗe babu majinyaci ita ma tana rage wa kowa ƙarfi. Kada kuma a ɗura ruwan bilic a bakin don a wanke layin, ƙarshensa cikin famfo ne.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake bayar da irin wannan kwangila. A yanka kyalle, a ɗauki hoto, kamfani ya tafi. Babu yarjejeniyar kulawa, babu zanen inda bututu ya bi, babu ko ledar zoben roba ɗaya a sito, alhali shi ne abin da ya fi saurin mutuwa kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ƙararrawar gargaɗi in ta dami mutane da kuka sai a zare mata waya. Tsarin ya ce a samu hanyoyin iska uku, ta yau da kullum, da mai jiran gado, da ta gaggawa, amma sai ki je ɗakin tukwane ki tarar layin ajiyar babu komai a cikinsa, mabuɗin ɗakin kuma yana aljihun wani da ya tafi gida.

Ki rubuta wa manaja takarda, ki ba likitan da ke kula da sashen kwafi, ki ajiye naki. Ki rubuta ranar da hucin ya fara da lambar gadon. Gyaran bakin ba sai an jira Legas ba, asibitocin koyarwa suna da sashen injiniyoyin na'urorin asibiti, a nemi wanda ya samu horo kan bututun iska ya zo da kayan gyaran da suka dace da samfurin bakinku. Duk wanda za a ba aikin ƙarin layin kuwa, ya nuna hatimin bututunsa, da tukunyar naitirojin ɗinsa, da na'urar awon oksijin, ya kuma yarda wani daban ya shaidi gwajin ya sa hannu, likitan sa barci ko mai harhaɗa magunguna. In kuɗin hakan bai samu ba a bana, sabon ɗakin haihuwar ya fara aiki da tukwane ɗaure da sarƙa a bango, da injin tace oksijin, da injin zuƙa na turawa, har zuwa lokacin da za a samu.