Na karanta fannin tarbiyyar yara a Ingila, ina zan dosa?

Wata ƙanwarmu 'yar Zariya da ke karatu a Manchester ta rubuto mana. Saura mata 'yan watanni ta kammala digirin farko a fannin girman yara da zamantakewar iyali. Ta ce duk lokacin da ta kira gida sai wani kawunta ya ce mata, "Yanzu duk kuɗin nan da aka kashe, raino kika je koyo?" Tambayarta ita ce: wane aiki digirin zai samar mata, zai iya riƙe mata takardun zama, kuma idan ta koma gida yana da amfani?

Ƙanwata, ki yi wa Kawu uzuri. A wurinmu yarinya 'yar shekara bakwai ma ana ɗaura mata goyo, don haka da wuya ya gane cewa akwai abin zama a aji a karanta. Amma zan faɗa miki gaskiya tun da wuri: wannan digirin shi kaɗai ba ya ba mutum sunan sana'a kamar yadda karatun nas yake bayarwa. Sai kin ɗora masa wata rijista ko wata shaida, kuma wadda kika zaɓa ita ce za ta yanke maganar takardunki.

Aikin da ya fi saurin samuwa shi ne na makarantar nazare. Kafin ki nema, ki tambayi sashenku ko digirinki yana cikin waɗanda ma'aikatar ilimi ta Ingila take ƙirgawa a matsayin cikakkiyar shaidar aiki da ƙananan yara, domin ba kowane digiri na wannan fanni ake ƙirgawa ba, musamman wanda ba a yi aikin gwaji a cikinsa ba. Abin yana da muhimmanci saboda doka ta ƙayyade yawan yaran da babba ɗaya zai kula da su: uku idan ba su kai shekara biyu ba, biyar idan 'yan shekara biyu ne. Za ki yini a durƙushe, kina sauya ƙunzugu, kina rubuta abin da kowane yaro ya ci da lokacin da ya yi barci, kina lura da wanda har yanzu bai fara haɗa kalma biyu ba. Aiki ne mai lada, kuma a nan za ki ga abin da kika karanta da idonki. Sai dai albashinsa bai yi nisa da mafi ƙarancin albashi ba. Tun daga Yulin 2025 kuma aka mayar da bizar ƙwararrun ma'aikata ta zama ta ayyukan matakin digiri, aka kai albashin da ake nema fam 41,700 a shekara, duk da akwai sassauci ga sababbin masu digiri. Ki yi aikin nazare don ki samu gogewa, amma kada ki sa ran shi zai riƙe miki biza.

Bizar da ake ba waɗanda suka gama karatu shekara biyu ce, kuma gwamnati ta sanar za ta koma wata 18 ga masu nema daga Janairun 2027. Ana nemanta ne kina cikin ƙasar, kafin bizarki ta ɗalibta ta ƙare, bayan jami'a ta sanar da hukuma kin kammala. Sau ɗaya ake bayarwa a rayuwa, ba a kuma sabunta ta. Shi ya sa nake so ki shige ta kin riga kin san inda kika nufa.

Da ni ce ke, da aikin jami'ar walwalar yara zan duba, wanda mutanenmu na nan suke kira soshiyal woka. Suna ne da doka ta kare, babu mai amsa shi sai wanda ya yi karatun da aka amince da shi kuma ya yi rijista da Social Work England, hukumar da ke kula da wannan sana'a. Ga mai digiri irin naki, hanyar ita ce digiri na biyu na shekara biyu, da aikin gwaji a ciki. Kuɗin makarantar ɗalibin waje yana da nauyi, ba zan ɓoye miki ba, kuma sai kin sake neman bizar ɗalibta. Amma wannan aiki yana cikin waɗanda ake ba bizar ma'aikatan lafiya da kulawa, wadda ta fi araha kuma ba a biyan kuɗin asibiti na shekara-shekara a kanta, ƙananan hukumomi kuma kullum suna cikin neman ma'aikata.

Na san abin da za a ce miki: "Za ki shiga cikin masu ƙwace wa mutane 'ya'ya?" Ki sani jami'ar walwala ba ta da ikon ɗauke yaro da kanta. Sai kotu ta ba da umarni ko iyaye sun amince, 'yan sanda kuma suna iya tsare yaro har awa 72 idan yana cikin haɗari. Yawancin aikin zama ne da iyali don kada a kai can.

An taɓa kirana tafinta a gidan wasu mutanenmu. Yarinya ce 'yar shekara 12, makaranta ta lura sunan mahaifinta ya bambanta da na sauran yaran gidan. Jami'ar ta tambayi matar gidan, ita kuwa ta dafa kan yarinyar ta ce, "'Yata ce." Na ga alƙalamin jami'ar ya tsaya. A takarda 'yar aminiyarta ce, ta karɓe ta riƙo. Matar ba ƙarya ta yi ba, haka muke faɗa, kuma da ta ce "'yar ƙawata ce" a gaban yarinyar da ta ji ta ci amana. Sai da na ɗauki lokaci ina bayanin riƙo kafin fuskoki suka saki. Ita ma matar ba ta san cewa a dokar Ingila, duk yaron da bai kai 16 ba da zai zauna kwana 28 ko fiye a hannun wanda ba iyayensa ba, ba kaka ba, ba wa ko ya ba, ba kawu ko gwaggo ko inna ba, ba mijin uwa ko matar uba ba, wajibi ne a sanar da ƙaramar hukuma. Tsananin da suke yi yana da asali. A Fabrairun 2000 wata yarinya 'yar Kodebuwa, Victoria Climbié, mai shekara 8, ta rasu a Landan a hannun 'yar uwar da aka ba ta riƙonta, bayan azaba mai tsanani. Binciken da aka yi a kanta shi ya kai ga dokar yara ta 2004. A ranar da na fito daga gidan nan na yi ta tunanin da jami'ar Bahaushiya ce, da an gama maganar cikin minti goma, a cike takarda, a kuma tabbatar yarinyar tana lafiya.

Haka maganar duka. Scotland ta haramta dukan yaro gaba ɗaya a 2020, Wales a 2022, a Ingila kuwa duk dukan da ya bar shaida a jiki laifi ne. Iyayenmu da yawa ba sa jin wannan sai jami'ar walwala ta ƙwanƙwasa ƙofa. Akwai ƙungiyar AFRUCA, wadda wata 'yar Najeriya, Debbie Ariyo, ta kafa a 2001, tana aiki da iyalan Afirka a kan irin waɗannan al'amura, kuma tana da ofis a Manchester. Ki nemi yin aikin sa kai da su ko da irinsu tun yanzu.

Idan zuciyarki ba za ta ɗauki shiga kotu da ganin yaran da aka cutar ba, kada ki tilasta mata. Akwai koyarwa a firamare, kwas na shekara ɗaya da zai ba ki shaidar malanta ta QTS. Akwai aikin tallafa wa iyali a ƙaramar hukuma, wanda ba ya buƙatar rijista kuma yana da kyau a shekarun bizar bayan karatu. Akwai gyaran magana ga yara, shi ma da digiri na biyu. Kowanne kika zaɓa za a yi miki binciken DBS, wato a duba ko kina da tarihin aikata laifi, kuma sau da yawa za a nemi takardar shaidar hali daga 'yan sandan Najeriya, don haka ki sa a fara nemo miki ita. Maganar biza kuwa, ofishin ɗaliban waje na jami'arku kyauta yake ba da shawara. Kada ki kai kuɗinki wurin wanda ba shi da rijistar ba da shawarar shige da fice.

Game da gida, idan kin gama kafin ki cika shekara 30 bautar ƙasa ta hau kanki, kuma sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance digirinki kafin NYSC ta karɓe ki. Ki adana takardar sakamakonki da tsohon fasfo mai ɗauke da hatimin shiga da fita. In koyarwa za ki yi, sai rijistar TRCN, hukumar rijistar malamai ta Najeriya. Wurin aiki kuwa akwai: UNICEF tana da ofis a Kano, akwai hukumar almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta da aka kafa a 2023, ga makarantun nazare birjik da suke buƙatar wanda ya san yadda yaro ɗan shekara uku yake koyo, ba a zaunar da shi yini guda yana haddar ABCD ba. Amma za su fi sauraron wadda ta zo da shekara biyu ko uku na aiki a hannu.

A wannan makon ki je wurin malamar da ke duba ki, ki tambaye ta ko digirinki yana cikin jerin ma'aikatar ilimi, sannan ki duba ranar da bizarki za ta ƙare ki rubuta ta a bango. In kin samu amsar, ki sake rubuto mini mu lissafa kuɗin digiri na biyu tare. Ki gaishe da Kawu.